Bajamushen da Ya Buɗe Mini Ƙofar Mota

A gonar auduga na haifi Hajara, a Sudan, bayan mun bar Gumel da niyyar zuwa hajji ta ƙasa. Ubanta Malam Iro bai ga ta fara tafiya ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi a maƙabartar 'yan ci-rani. Na ci gaba da tsinkar auduga da goyo a baya har yarinyar ta yi wayo, Larabcin Sudan ya zauna a bakinta fiye da Hausa, sannan muka gangara bakin teku.

Mai kwalekwalen da ya tsallakar da mu, Allah ya isa tsakanina da shi har gobe. Ya sauke mu a wata gaɓa da babu ko tsuntsu, ya nuna wani tudu ya ce Jidda tana bayansa. Bayan tudun wani tudun ne. Wata tsohuwa Bazabarma da muke tare ta zauna ta ce mu yi gaba za ta biyo mu. Ba ta biyo mu ba. Wata Balarabiyar daji mai kiwon awaki ce ta tsince mu, ta tatsi akuya ta ɗura wa Hajara a baki, ko daga ina muke ba ta tambaya ba.

Na yi hajjina. Da aka ce a koma gida sai na tambayi kaina, wane gidan? Muka wuce Madina. Irinmu da muka zo muka maƙale babu iƙama, wato takardar zama, takari ake ce mana, kuma ba da daɗin baki ake faɗa ba. Na sayar da hatsin tattabaru a gefen Harami, ido ɗaya a kan ciniki, ɗaya a kan motar askarawa. Duk wadda ta ce muku zaman Madina babu takarda hutu ne, ƙarya take. Albarka tana nan, amma da gudu ake cinta. Wani lokaci sai ƙamshin daddawa ya bugo ni daga wani lungu, in tsaya kamar wadda aka dasa, in rasa abin da ya fito da ni.

Daga baya na samu wanki a Ƙuba, gidan Hajiya Asma'u. Kakanta ne ya zo daga Katsina tun zamanin raƙuma, saboda haka ita 'yar ƙasa ce. Hausarta duk ta jiƙe da Larabci, 'ya'yanta kuwa ki yi musu Hausa su amsa miki da Larabci. Baƙa ce kamar ni, amma ko sau ɗaya ba ta bari na manta cewa ita tana da takarda ba.

A ƙarshen gonar dabinonta akwai wani ɗaki da ake tara dabino a da. Nan wani tsohon Bature yake zaune. Dogo ne, ƙashi zalla, idanunsa kamar na kyanwa, ƙafafunsa a kumbure. Sunan musuluncinsa Abdullahi, amma kowa Almani yake ce masa, wato Bajamushe. Sunansa na da ya faɗa mini, harshena ya ƙi ɗauka. Marigayi mijin Hajiya ne ya tsaya masa ya samu zama, lokacin yana yi wa Jamusawa masu gini tafinta a Yanbu. Da ƙafa ta hana shi aiki sai aka ba shi ɗakin. Wankinsa da abincinsa aka ɗora mini. Larabcinsa na littafi ne, nawa na kasuwa, muka haɗu a tsakiya.

Wata rana ina cuɗa rigunansa a bakin famfo na ce, "Baba Almani, kai a garinku wace sana'a kake yi? Wannan hannun naka bai taɓa riƙe fartanya ba."

Ya miƙe, ya yafa tawul a ka, ya turo ciki, ya taho yana jan ƙafa yana hura hanci. Wallahi Hajiya Asma'u ce ta fito daga jikin tsohon nan. Ya ɗaga wata riga da yatsa biyu, ya ce da muryarta sak, "Ya Dije, wannan wanki ne walla wasa?" Dariya ta kayar da ni cikin kumfa. Rabon da in yi dariya irin wannan tun Malam Iro yana da rai.

Na ce, "Ashe ɗan kama ne kai!"

Ya ce mene ne ɗan kama. Na kwatanta masa masu yawo kasuwa-kasuwa suna kwaikwayon malamai suna yi wa tuwo kirari. Ya ce, "To ni ne. Sai dai mu ana gina mana gida mai kujeru, a zo da kayan ado a zauna a kalle mu."

Labarinsa guntu-guntu na same shi, duk a bakin famfon nan. Uwarsa tela ce a gidan wasan garinsu, ita ke ɗinka rigunan sarakunan ƙarya, shi kuma a cikin kwandon ƙyallaye ya yi rarrafe. Tun gemu bai fito masa ba ya hau dandali. Da babban yaƙinsu ya tashi aka kwashe su a jirgin ƙasa zuwa wata ƙasa mai tsananin sanyi, su riƙa ba sojoji dariya. Ya ce ya ba samarin sojoji dariya da yamma, washegari ya ga takalmansu a jere babu masu su. Abin da ya gani ta tagar jirgin kuwa ya ce ba zai faɗa ba, kuma bai faɗa ba. Da ya dawo babu gidan wasan, babu uwar. Suka koma yin wasa a ƙarƙashin wani rusasshen gini, mai son kallo ya zo da gawayi ko itace a hannu, shi ne kuɗin shiga, da shi ake ɗumama wurin.

Sai fim ya zo. A nan fuskarsa ta cuce shi. Turawan wasu ƙasashe suna ta yin finafinan yaƙin, suna neman wanda zai fito a mugun sojan Jamus, shi kuma Allah ya ba shi haɓa da idon aikin. Ya ce, "Ni ina son in fito a likita, ko uban amarya, ko da mai sayar da burodi. Da sun gan ni sai su miƙo mini hular soja." Ya yi ta daka tsawa, ya yi ta fasa ƙofofi, a ƙarshen kowane fim a harbe shi jama'a su yi tafi. A titi yara suna tofa masa yawu. Matarsa ta ce ta gaji da kwana da mutumin da duniya take murnar mutuwarsa, ta tafi.

Wani fim ya kai su saharar Masar, ciwo ya kwantar da shi, 'yan'uwansa suka gama aiki suka bar shi. Masu raƙuman da aka yi haya su ne suka yi jinyarsa. Ba su taɓa shiga silima ba, ba su san shi mugu ba ne. A hannunsu ya musulunta.

Na ce, "To duk wannan ai ƙarya ka yi ta ci da ita."

Ya ce, "Da ita na ci, Dije. Amma kowa ya san ƙarya ya zo saya. Mai kwalekwalenki fa?"

Nan ya kama ni.

Bayan 'yan bindiga sun mamaye Haramin Makka sai aka tsananta kame a ko'ina. Na hana Hajara leƙa ƙofa. Lokacin ƙirjinta ko alamar fitowa bai yi ba. Wata safiya ina can ƙarshen gona ina shanya, Hajiya ta yi baƙi, ta aike ta kasuwa sayen na'ana'a. Har azahar babu ita. Sai ga Mariyama, wata 'yar Damagaram mai aiki a maƙwabta, ta shigo tana haki.

"Dije, an kwashe su a bakin kasuwa, har da taki. Gobe bayan azahar za a wuce da su Jidda."

Na jawo mayafi na ce bari in je in miƙa kaina, a kore mu tare. Ta riƙe ni da hannu biyu.

"Kin haukace? Wa ya ce miki tare za a kore ku? Tana buɗe baki Larabcin Sudan za su ji. Ita Sudan, ke Kano. Ba ki ga Ta Annabi ba, da aka tura ɗanta Chadi? Har yau tana tambayar alhazai."

Wannan ce ta tsayar da ni. A Sudan kabarin ubanta kawai gare ta.

Na je na durƙusa gaban Hajiya, abin da ban taɓa yi ba. An san cewa idan 'yar ƙasa mai gida ta je da kanta kafin a wuce da yaro, ta ce na gidanta ne, akan sake shi. Ta kurɓi shayinta, ta ce, "La, la, ya Dije. Ni ba na shiga harkar hukuma. Ina da yara masu aikin gwamnati. Ki yi sabur."

Na ce, "Ke kika aike ta."

Ta ce, "Ni na ce ki zo ƙasar mutane babu takarda?"

Na tashi. Abin da ya zo bakina, da na faɗe shi, da a ranar za ta kira mini motar askarawa.

Baba Almani ya same ni a bakin famfo ina zaune a ƙasa. Ya saurara har na gama. Sai ya nuna igiyar shanya da sandarsa. Abayar Hajiya ta zuwa biki tana kai, mai bakin zare na zinariya.

Ya ce, "Wa ya san fuskar matan garin nan? Ko mazansu sai sun shiga gida."

Na gane inda ya dosa. Na ce, "A garin Manzo? Ka ji tsoron Allah, tsoho."

Ya ce, "Ina ji. A rubuta a kaina, akwai sauran wuri. Tashi ki sa."

Tun la'asar har rana ta yi ja yana wahalar da ni tsakanin itatuwan dabino. Wani mutum ne daban ya fito, mai faɗa, marar haƙuri. Na taho ya ce in koma.

"Gudu kike yi. Mai takarda ba ta sauri, duniya ce take jiranta. Sake!"

Na sake.

"Kafaɗa! Kin ɗauko tulu ne? Fuskarki a rufe take, ƙafarki da hannunki ne za su tona ki. Nuna hannun."

Na miƙa. Duk sabulu ya farfasa shi. Ya ce in nemo safar hannu baƙa, in zuba turaren Hajiya har ya yi yawa. Ya ce kada in fara gaisuwa, kada in yi bayani, kada in roƙa. In an tambaye ni, in mayar da tambaya. In kalli bangon da ke saman kan mutum, ba idonsa ba.

Na ce, "Larabcina fa? Ina yin jimla biyu an gane takariya ce."

Ya ce, "Babbar mace ba ta jimla biyu. Ni zan yi surutun. A dandali, Dije, wanda ya fito a sarki ba abin da yake yi. Mu da muke sunkuyawa mu muke yi masa sarautar. Gobe ni direbanki ne."

Na dube shi, na dubi ƙafafun. Idan abin ya ɓaci, shi ma korarsa za a yi, ga shi ba abin da yake roƙon Allah kullum sai ƙasar maƙabartar Baƙi'a ta rufe shi. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Tunda nake ba a taɓa ba ni mutumin kirki in fito a shi ba. Ki bar ni."

Washegari da hantsi ya tayar da tsohuwar motarsa ta zamanin Yanbu. Ya sa kaki da wata hula, ya rage tsawonsa ban san ta yaya ba. Wurin da ake tsare mutanen yana bayan gari, gini ne mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ya tsaya daidai bakin ƙofar, inda aka hana tsayawa. Ya fito yana ɗingishi da sauri, ya zagayo, ya buɗe mini ƙofa, ya buɗa laima, ya sunkuyar da kai. Askarin da ke gadi ya ga farin mutum mai furfura yana riƙe wa baƙar mace laima. Ya miƙe tsaye. Ban dube shi ba.

Aka kai mu gaban wani hafsa, yaro ne, gashin bakinsa bai gama cika ba. Baba Almani ya yi ta zuba cikin ladabi, wai uwar ɗakinsa ta zo ɗaukar yarinyar gidanta da aka kama bisa kuskure, wai ranta ya ɓaci ƙwarai, wai shi ma tun jiya bai huta ba. Hafsan ya ce ina takardar yarinyar. Na kalli bango na ce, "Kai ɗan gidan wa?"

Ya faɗi sunan gidansu. Na ce, "Hm." Iyakarta ke nan. Ya gyara zama, ya ce a fito da yaran da aka kamo jiya.

Duk abin da muka shirya ya tafi daidai. Abu ɗaya muka bari a baya: ita Hajara ba wanda ya gaya mata komai. Aka shigo da su, idonta ya kumbura don kuka. Ban yi magana ba, ban motsa ba, amma ɗiya ta san tsayuwar uwarta ko a cikin buhu aka sa ta. Ta ƙwace, ta rugo, ta rungume ƙafafuna.

"Inna! Yumma! Inna!"

Hafsan ya ɗago kai. Na ga idonsa ya sauka kan safar hannuna, ya koma kan yarinyar.

Na ɗaga ta da hannun hagu, na kwaɗa mata mari da na dama. Hannun da ya yi shekaru yana matse barguna. Ta bugu da teburin ta faɗi. Na buɗe baki, Larabcin Hajiya Asma'u ya fito, da muryarta, da hura hancinta, duk zagin da na sha a gidan nan na juye shi a kan 'yata.

"Wa ce uwarki? Ni? Uwarki wata ƙazamar takariya ce mai wanki, ta yar da ke a ƙofata ta gudu! Na ciyar da ke, ki kunyata ni gaban maza? Tashi, 'yar bola!"

Ba ta yi kuka ba. Ta dafe kunne tana kallona.

Hafsan da kansa ya ce, "Haram, ya hajja, yarinya ce." Ya yi wa askari hannu, fuskarsa a yamutse, so yake kawai mu fita masa daga ofis. "Ɗauke ta. Halas. Yalla."

Na juya a hankali kamar yadda aka koya mini. Baba Almani ya tasa ta gaba, ya buɗe mini ƙofar baya, ita ya sa ta a gaba inda 'yar aiki take zama.

Sai da muka shiga gonakin Ƙuba ya tsayar da motar. Na yaye niƙabin na jawo ta. Jini yana bin wuyanta daga kunnen hagu. Ta bar ni na riƙe ta, amma jikinta kamar itace. Tsohon ya kifa kai a kan sitiyari.

Ya ce, "Laifina ne. Rabin rayuwata ina marin mutane, maza da mata, hannuna bai taɓa taɓa kuncin kowa ba. Ta gaban fuska ake wucewa, wanda ake mari shi yake tafa hannunsa a ƙasa ya juyar da kai. Abin da ake fara koya wa yaro ke nan. Na koya miki tafiya, na koya miki kallon bango, wannan ban koya miki ba."

Na ce, "Ko ka koya mini ba zan yi ba. Naka 'yan kallo suna can nesa a kan kujera. Nawa yana gabana, yana jin ƙamshin turarena. Da marin ƙarya na yi, da yanzu tana motar Jidda."

Ya ɗago kai daga sitiyarin. Sannan ya ce, "Gaskiyarki." Ya tayar da mota.

Har yau a kan maganata nake. Da za a mayar da ni ofishin nan, hannun nan zan sake ɗagawa.

Asibiti ba ta shiguwa gare mu, man zaitun mai ɗumi na yi ta ɗiga mata. Jinin ya tsaya, kunnen bai dawo ba. Hajiya ta ji ƙamshin turarenta a jikin abayar, ba ta tambaye ni komai ba, ta ce in nemi wani gidan. Baba Almani bai kai azumin da ya biyo baya ba. An kai shi Baƙi'a kamar yadda ya roƙa, mutum kaɗan ne a bayan makararsa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganinsa a majigi. Mata ba sa shiga, daga bayan katanga na tsaya.

Hajara ta girma, wani Bahaushe ɗan ƙasa mai tuƙin babbar mota a Yanbu ya aure ta, ta samu takarda. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Ni ma ban tayar ba. Sai dai tun daga ranar, in za ta kira ni a gaban mutane, Hajiya take cewa.

Ni aka kama daga baya, ina sayar da gyaɗa. Babu wanda zai buɗe mini ƙofar mota wannan karon. Aka kai ni Jidda, daga nan Kano, daga nan Gumel, inda na shiga ajin manya da furfurata na koyi wannan rubutun da kuke karantawa.

Ranar da za a fitar da mu zuwa jirgi a Jidda, Hajara ta zo da goyo, cikin abayarta ta kanta. Shingen waya ne tsakaninmu, mata ɗari suna ihu kowa tana kiran nata. Na matsa bakina jikin wayar na ce, "Hajara, marin nawa ne, na yarda. Amma maganar nan ba tawa ba ce. Ban taɓa yar da ke ba."

Ta gefen hagu na tsaya mata. Ta ga bakina yana motsi, ta girgiza kai, ta nuna ɗaya gefen.

"Inna, ban ji ba. Zagayo ta nan."

Askariya ta turo layin, aka yi gaba da mu.